Akuyar Da Ba Ta Ji Taya Ba

Hajiya Barkisu ba ta jira aboboyar ta gama tsayawa ba. Ta diro daga bayan babur ɗin mai ƙafa uku, ta ja buhun da kanta, ta juye shi a kan teburin Munkaila. Akuyar da ya babbake ya aika mata bayan sallar asuba ta faɗo, fatarta ruwan zuma, tas, babu ɗigon baƙi ko ɗaya.

"Shinshina," ta ce.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau. Shinshina, Malam Munkaila."

Ya sunkuya ya kai hanci wuyan akuyar, ya ɗago. "Ban ji komai ba."

"Yauwa. Ƙarar da na kawo ke nan. Babu komai koraa, ko kaɗan. Direbobin tashar Sofoline sun ce miyata ta koma abincin asibiti. Jiya wani ya ture kwano ya ce in gaya masa tsakani da Allah, akuya ce wannan ko katifa. Shekara ashirin ina ba mutanen nan fufu da miyar akuya, yau matar da ke tsallaken titi ta kwashe rabinsu, ba don ta fi ni hannu ba."

"Akuya ce da babu dafi a jikinta, Hajiya."

"Dafin suke so. Da shi aka yaye su."

Ba ƙarya ta yi ba. A filin babbaka da ke bayan mayanka, tun kafin a haifi Munkaila, da tsohuwar tayar mota ake ƙone gashin akuya da fatar saniya. Taya ba ta da tsada, wutarta ba ta gajiya. A ɗora dabba, gashi ya ƙone, a kankare, a wanke. Abin da ruwa bai fitar ba ya zauna cikin fata, daga fata ya shiga miya, daga miya ya shiga mutane, har rabin Kumasi suka ɗauka da wannan warin Allah ya halicci akuya. A duk filin Munkaila kaɗai ke aiki da gas. Masu gidajen abinci goma sha ɗaya ne suke karɓar nama a hannunsa a da. Yanzu saura ɗaya, ita ce tsaye a gabansa riƙe da buhu.

"Ka ji magana ɗaya," ta ce, ta rage murya. "Daga gobe ka riƙa nuna mata taya. Minti biyu kawai, ta ɗauki ƙamshi. In ba haka ba zan koma wurin Shakiru gaba ɗaya."

"Kin san ba zan iya ba."

"Na sani. Ni na yi wa matarka Zaratu wankan gawa, ba sai ka tuna min ba. Amma ƙawata ta huta, ni kuwa ina da tukunya a kan murhu."

"Wannan ta baƙin Kausara ce fa. Da akuyata ta ce ki dafa musu."

"Ta ce in yi miya mai daɗi. Wa zai gaya musu? Akuyar?"

Ta naɗe buhunta, ta tsallake magudanar ruwan jini, ta nufi inda baƙin hayaƙi ya fi kauri. Yana kallo ta zaɓi wata akuya baƙa ƙirin a wurin Shakiru, aka jefa mata a aboboya. Ba ta waiwayo ba. Wannan kam ya shaide ta: ba ta iya cin amana a ɓoye ba.

Zaratu ta yi shekara ashirin da shida tana sayar da koko da ƙosai a bakin filin nan, taku goma daga wutar mijinta, ta ɓangaren da iska ke kai hayaƙi, domin ta nan mahauta suke wucewa. Da tari ya ƙi jin zuma da citta suka je asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a fuskar fitila, ya tambaye ta kwalin sigari nawa take sha a rana. Matar da ko goro ba ta ci. Ta yi dariya har tari ya ƙwace dariyar. Bayan wata huɗu aka kai ta makwancinta. A bakin kabari, ba wanda ya tambaye shi, Munkaila ya ce jama'a su shaida, wallahi hannunsa ba zai ƙara kunna taya ba. Liman ya ce Allah ya ba da iko, da muryar mutumin da ya sha jin alkawuran maƙabarta.

Ya yi ta fama da itace, wutar da take cin rabin yini kafin ta gama da akuya biyu, har Kausara ta zo. 'Yar unguwa ce, da kokon Zaratu ta yi firamare. Ta gama jami'a ta sami aiki a wata ƙungiya mai koya wa ƙananan 'yan kasuwa yadda za su yi sana'a ba tare da sun ɓata iska da ruwa ba. Ƙungiyar ta kira taro, mahauta arba'in suka zo, suka ci shinkafa, suka tafa, suka koma kan tayoyinsu. Munkaila ne kaɗai ya miƙa hannu. Aka ba shi tukunyar gas biyu, da bututu mai bakin ƙarfe, da farar riga, da rumfar kwano. A takardun da ƙungiyar take aikawa waje, shi kaɗai ɗin nan sunansa "al'ummar mahauta".

"Likitan awaki!"

Shakiru ne daga can cikin hayaƙi, ƙanin Zaratu uwa ɗaya uba ɗaya, idanunsa ja kamar gauta, yana juya fatar saniya da dogon ƙarfe.

"Na ga an dawo maka da marar lafiya. Allura za ka ƙara mata ko ruwa?"

"Ka ji da tarinka, ƙanin mata."

"Tarina gado ne, Yaya. Kai me ka gada? Farar riga!"

Sauran masu babbaka suka yi dariya, irin dariyar da take ƙarewa da kaki. Munkaila ya rataye akuyar a ƙugiya ya kore mata ƙuda. Wata goma sha huɗu ke nan Shakiru bai tsallake rana ɗaya bai tsokane shi ba. In mijin yaya ya zama abin wasa, al'ada ce ta ba da izini, babu inda za a kai ƙara.

Wajen ƙarfe goma Kausara ta iso da ƙullin koren riguna a ka, tana gumi, takalmanta sun sha jini. Ta durƙusa ta gaida Munkaila, ta gyara masa wuyan riga, sannan ta bi masu taya ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu Shakiru, don Allah don Annabi, awa ɗaya kawai. Ku kashe wutar har baƙin su tafi."

"'Yata, taya ba ta san agogo ba. In ta kama, sai ta gama."

"To ku rufe ta. Ga riga, kowa ɗaya."

"Ta kyauta?"

"Ta kyauta."

"A'a, to ai mu ma masu son muhalli ne. Bawah! Kawo kwano da yashi!"

Suka kifa tsofaffin kwanonin rufi a kan wutar, suka zuba yashi. Hayaƙin bai mutu ba, ya dai koyi ladabi, yana fita ta gefe a hankali. Mutum tara suka saka koren riguna a kan jikin da ya yi shekaru bai ga asalin launinsa ba, suka jeru a inuwa kamar 'yan ƙwallon da aka ci.

Baƙin suka zo cikin farar mota mai sanyi. Akwai Dokta Kamaldeen, shugaban ƙungiyar daga Ankara, babban birnin ƙasar, dokta na karatu ba na allura ba. Akwai wata Baturiya mai littafin rubutu, da mai ɗaukar hoto. Dokta ya kama hannun Munkaila da hannu biyu ya riƙe, bai saki ba sai da aka ɗauka.

"Baba, nuna musu yadda kake yi," in ji Kausara. Ta duba teburin, ta duba ƙugiya. "Babu wadda ba a babbake ba?"

"Wannan ce kaɗai."

"Ba komai, a hoto ba za a gane ba."

Ya kunna bututun, shuɗiyar wuta ta fito da gurnani. Ya bi jikin akuyar da ba ta da gashi ko ɗaya yana ƙone abin da babu. Mai hoto ya ce ya sake, ya ɗan juyo da fuska. Ya sake. Ya ce ya yi murmushi. Munkaila ya buɗe haƙora. Baturiyar ta rubuta wani abu, ta toshe hanci da hankici, domin iska ta juyo daga wajen kwanonin rufi.

Dokta ya yi jawabi da Turanci, ya maimaita rabinsa da Tonanci, yaren mutanen Kumasi, saboda 'yan jarida biyu da suka makara, ya rufe da Hausar da ya baro a gidan kakarsa. Ya ce hayaƙin taya yana kashe mutane, gaskiya ne. Ya ce ruwan da ake wanke fata da shi yana gangarawa rafi, nan ma gaskiya ne. Ya ce jama'a sun waye, yanzu kowa naman gas yake nema. Masu koren riguna suka tafa da ƙarfi, Shakiru ya fi kowa.

Ana idar da azahar Hajiya Barkisu ta dawo da manyan kuloli. Aka jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfar Munkaila. Tun kafin ta gama buɗe murfi ya ji shi, warin nan mai ɗaci-ɗaci da ke maƙale a bayan barkono da citta. Ya yi shekara talatin yana kwana da shi a gashin kansa.

Dokta ya naɗe hannun riga, ya yanki fufu, ya tsoma, ya haɗiye. Ya lumshe ido. Ya ɗauki tsokar da ke da fata ya tauna a hankali.

"Allahu akbar," ya ce. "Kun ji? Kun ji bambanci? Wannan shi ne nama. Rabona da miya irin wannan tun kakata tana da rai." Ya juya wajen Baturiyar ya yi mata bayani, ita ma ta kurɓi romo, ta yi tari kaɗan, ta ɗaga babban yatsa. "Daɗi paa, daɗi sosai!" in ji Dokta. "Hajiya, hannunki da albarka. Amma asirin yana wurin wannan dattijo."

Ya yafito mai hoto, ya sa aka tsayar da Munkaila kusa da kular.

"Baba, faɗa wa duniya da bakinka. Wannan naman da muke ci, daga ina ya fito?"

Munkaila ya dubi kular. Hajiya Barkisu tana tsaye da ludayi a hannu, ba ta roƙe shi da ido ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Kausara ta ɗaga wayarta tana ɗauka, tana murmushi tun kafin ya yi magana. A bayansu, a ƙugiya, akuyarsa tana lilo, cikakkiya, da ƙafafunta huɗu, a gaban duk mai ido. Ba wanda ya duba. In ya faɗi gaskiya, Hajiya ba za ta jira gobe ba, yau za ta tafi, kuma gobe da safe zai kunna gas ya babbake iska.

"Daga wurina," ya ce.

"Da me aka babbake shi?"

"Da gas."

Aka tafa. Daga layin masu koren riguna wani ya yi tari mai tsawo. Munkaila bai juya ya ga ko waye ba.

Dokta ya wanke hannu ya share da farin tawul, sannan ya ce yana da albishir. Daga mako mai zuwa ƙungiya za ta fara horar da 'yan kasuwa a wani otal a unguwar Adum, kowane mako, har ƙarshen shekara. Abincin rana Hajiya za ta riƙa kawowa, naman kuma daga rumfar Baba Munkaila, akuya biyar duk mako, domin mahalarta su ɗanɗana da harshensu abin da ake koya musu.

"Sharaɗi ɗaya," ya ce, yana nuna kular da ta koma wayam. "Kada a canza komai. Daidai irin wannan."

Da motar ta juya, Kausara ta dawo da gudu ta kama hannun Munkaila.

"Baba, ka gani? Ka gani?"

"'Yata, zauna. In da a ce mutane ba sa son naman gas fa? In da a ce..."

"Haba Baba, sun lashe kwano a gabanka! Shekara guda ina gaya wa su Kawu Shakiru ɗanɗano ba ya raguwa, suna min dariya. Yau ga hujja a waya." Idanunta suka kawo ruwa. "Da Inna Zaratu tana nan da ta yi guɗa."

Ta ce direba yana jiranta, ta tafi tana tsallake jini.

Hajiya Barkisu tana ɗaure kuloli a bayan aboboya. Ba ta dube shi ba ta yi magana.

"Biyar nasu, uku nawa. Takwas ke nan duk mako, Malam Munkaila, ka daɗe ba ka ga takwas ba. Amma ka ji da kunnenka abin da mutumin ya ce. Ba zan kai musu katifa ba bayan sun ci wannan. In miya ta canza za su tambaya, ni kuma in aka tambaye ni faɗa nake yi. Ka ga yau ma ba ni na yi ƙaryar ba."

"Sai ki saya wurin Shakiru ki ce tawa ce."

"Yarinyar za ta riƙa zuwa tana ƙirga abin da ya fita daga rumfarka. Daga hannunka za su fito, da ƙamshinsu. Yadda za ka yi, kai da Ubangijinka." Ta hau ta zauna a kan kula. "Gobe bayan asuba. In ban ga saƙo ba na san amsa."

Ya yi la'asar a masallacin mahauta, ya daɗe zaune bayan an shafa. Da ya fito an yaye kwanonin rufi, wutar ta miƙe tana rama awannin da aka hana ta. An tuɓe koren riguna, wani ya riga ya mai da tasa tsumman riƙe ƙarfe. Munkaila ya sauke akuyar daga ƙugiya, ya saɓa ta a kafaɗa, ya tsallake magudanar. Wata goma sha huɗu rabon ƙafarsa da wannan gefen.

Masu babbaka suka juyo suna kallonsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye akuyar a kan dutsen Shakiru.

"Minti biyu," ya ce. "Ta ɗauki ƙamshi. Gobe zan kawo sauran."

Shakiru ya dubi akuyar, ya dubi mijin yayarsa. Munkaila ya tsaya yana jiran dariyar, ya ma shirya mata wuri. Ba ta zo ba.

"Rantsuwar fa, Yaya?"

"Na ce hannuna ba zai kunna ba. Ba hannuna ne ya kunna wannan ba."

"Wane malami ya ba ka wannan fatawa?"

"Ban tambaya ba. Na san abin da zai ce."

Shakiru ya soka ƙarfensa a ƙasa. Ya share fuska da bayan hannu, baƙi ya ƙara baƙi.

"Ka san Inna ba ta gani yanzu, ba ta fita. Kullum na koma gida, kafin ta tambayi ko na ci kasuwa, sai ta ce, mijin Zaratu yana nan a kan maganarsa? In ce yana nan, Inna, taurin kai kamar jaki. Sai ta ce alhamdu lillahi, a miƙo mata tuwonta. Kullum, Yaya. Ni ɗanta ne, ba ta taɓa tambaya ko na daina ba, ta san ni. Kai take tambaya." Ya yi tari ya tofar. "Yau me zan ce mata?"

"Ka ce yana nan."

"Ni ban iya ba. Kai ka iya, na ji ka ɗazu, ko muryarka ba ta yi rawa ba. Ka zo da kanka ka faɗa mata."

Munkaila ya dubi wutar. Wata waya ta ƙarfe a cikin tayar ta yi ja, ta lanƙwashe.

"Zan zo bayan magariba," ya ce.

Shakiru ya kama akuyar ta ƙafafun baya ya shimfiɗa ta a kan wutar. Ruwan zuman ya fara dushewa daga ciki zuwa wuya. Ya juya ta da ƙarfe, ya sake juyawa, ba ya kallon kowa.

"Ka cire min cinya ɗaya in ka sauke," in ji Munkaila. "Ba zan shiga wurin Inna hannu rabbana ba."

Shakiru ya riga ya sa ƙarfe zai janyo ta. Ya tsaya, ya mayar da ita tsakiyar wutar.

"To bari ta ƙara minti ɗaya," ya ce. "Inna ta fi son ta ji sosai."